Wadda Ta Tsaya Cak a Bakin Binuwai

Garwa, unguwar Hausare
Litinin, 24 ga Oktoba, 1988

Zuwa ga Iyatu, sanyin idona, inuwar darbejiyata a tsakiyar zafin Garwa, ruwan randa bayan doguwar tafiya, wadda sunanta ke riga na kowa zuwa bakina in na farka, wadda ta tafi Marwa ta bar mini gari cike da mutane amma babu kowa a cikinsa. Sallama gare ki, da gaisuwa mai yawa, da kewar da takarda ba za ta iya ɗauka ba.

Kafin komai ina roƙon ki abu ɗaya, wanda na kuma sa a faɗa miki da baki tun a ƙofa. In Wada direba ya miƙa miki ambulan ɗin nan da yamma, kada ki buɗe. Ki sa shi ƙarƙashin matashi ya kwana. Sai hantsi ya ɗaga, ki ɗauki tabarma ki fita tsakar gidan Goggo Kaltumi a can unguwar Dugoi, inda rana ta fi zuba, sannan ki buɗe. Na rubuta da manyan baƙi don kada idonki ya wahala, kada ki ce hannun Shu'aibu ne ya lalace. Akwai hotuna a ciki. Na ƙarshen na kife shi, ki bar shi a kife sai kin gama karatu.

Wata guda ke nan cur da Wada ya kawo mini takardarki, tare da hotonki na bakin kogi da kika mayar mini. Na san kin ɗauki shiruna a kan na yarda da abin da kika ce. Ban yarda ba, Iyatu, ko na minti ɗaya. Amsa nake haɗawa, kuma irin amsata ba ta haɗuwa a kwana ɗaya. Na karanta takardar har ta fara yagewa a lanƙwasa, yanzu ko a barci aka tashe ni zan kawo ta:

"Malam Shu'aibu, ka yafe mini. Ban gan ka ba a ranar nan. Dundumi gare ni tun ina ƙarama, rana na faɗuwa idona ke rufewa. Murya kawai na ji tana ƙirga, na juya wajenta don tsoro ya sake ni. Likitan Marwa ya ce ba irin wanda cin hanta ke warkarwa ba ne, gaba zai yi ta yi, wata ran har da rana. A kan ƙarya muka fara, ba zan kai ka cikin duhu ba. Na ce wa Baba ya mayar maka da kayanka."

Bari in koma da ke ranar nan, tunda ke ba ki gan ta ba, ni kuwa na gan ta har na ga abin da babu. Bara ne war haka, damina ta ɗauke, Binuwai ya cika ya batse. Misye Georges, maigidana a studiyo, ya aike ni in ɗauko hotunan gari na kart postal, irin waɗanda baƙi masu zuwa kallon namun daji ke saya su aika gida. Ya ce kada in kuskura in ɗauka da rana tsaka, lokacin da Garwa ke fari fat kamar an wanke ta da toka. Ya ce in jira abin da yake kira "la lumière du soir", wato hasken nan na bayan la'asar sakaliya, in jira shi da haƙuri, don ba ya daɗewa. Na sauka wajen tsohuwar tashar jiragen ruwa na kafa kyamara a kan ƙafafunta uku.

Ban taɓa gaya miki yadda ake ɗaukar hoto da magariba ba. Da rana, idon kyamara ƙiftawa ɗaya yake yi ya gama. Da magariba haske ya yi kaɗan, sai ka buɗe idon ka bar shi a buɗe, yana shan hasken a hankali, kai kuma kana ƙirga takwas. A cikin takwas ɗin nan duk abin da ya motsa ba ya fitowa, hayaƙi yake zama. Wanda ya tsaya cak, shi kaɗai hoto ke riƙewa. Ni kuma Allah ya yi ni da wata ɗabi'a da Misye Georges ya gaji da hana ni: ba na iya ƙirga a zuci, sai da ƙarfi. Haka na ƙirga takwas ɗina a yammar nan, na ɗauki kogin, na tafi gida.

Washegari na shiga ɗakin wankin hoto, ƙarƙashin jar fitila, na tsoma takarda a ruwan magani ina kaɗa ta. Kogi ya fara tasowa. Kwale-kwalen masunta suka fito kamar an shafa su da yatsa, mata masu daro a ka duk sun narke, ba fuska ba ƙafa. Sai ga ki. Ke kaɗai, a jikin ƙarfen nan da ake ɗaure jirgi, hannunki ɗaya a kansa, mayafinki har ana ƙirga furannin jikinsa, fuskarki ta miƙe sak cikin tawa. Wane ne zai ga haka ya zauna lafiya? Na tsaya kallon ki har takardar ta kusa ƙonewa a magani.

Daga nan fa bakina ya buɗe. Na gaya wa Wada, na gaya wa Misye Georges, na gaya wa Inna, har mai shayin bakin studiyo sai da ya ji: cikin mutum ɗari da ke bakin kogi, yarinya ɗaya ta tsaya tana kallon Shu'aibu ba ta ko ƙifta ido. Na sayi sabuwar hula. Na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa, ni da ko akuyar gidanmu ba ta taɓa yi mini kallo biyu ba. Kwana goma ina yawo da hoton a aljihu, har wata mai kifi ta ce ai wannan 'yar Alhaji Hamadu ce mai atamfa. Ranar da na fara zuwa zance na miƙa miki shi na ce, ga shaidar ke kika fara. Kika sunkuyar da kai. Na ce a raina, kunya ce.

Ashe yayarki Hindu ce ta sauka cinikin kifi ta bar ki a saman gaɓa, ta ce ki riƙe ƙarfen kada ki motsa, ta daɗe har rana ta faɗi. Ashe duniya ce ta rufe miki, mutane na gogar ki ta ko'ina, ruwa na ƙara a ƙasa, ba ki san taku nawa ne tsakaninki da shi ba. Ni ina can ina jin daɗin kaina, ke kina nan zuciyarki na dukan ƙirji. Wayyo Iyatu! Da na sani, da kyamarar ce za ta faɗa kogi a ranar.

Yanzu da na waiwaya, komai a fili yake, ni ne mai ido biyu da bai ga komai ba. Duk samarin Garwa bayan isha'i suke zance, ni kuwa kika ce in riƙa zuwa da hantsin Lahadi ko da la'asar da wuri, na ce tsananin Baba ne. Ana fara kiran magariba sai ki miƙe ki dafa bango, na ce ladabi ne. Ranar da hira ta ja mu har rana ta yi ja, kika zuba mini ruwa a gefen kofi, ya malale a tabarma, kin san abin da na gaya wa Wada? Na ce kwarjinina ne ya sa hannunki rawa. Kuma kullum kina gaishe ni tun ban yi sallama ba, kika ce wai ƙamshina kike ji. Na yi ta ƙara turare, ashe tsamin maganin wankin hoto ne da ba ya barin yatsuna.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi. Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Amma da na zauna na tambayi fushin nan daga ina ya fito, sai na ga babu ruwansa da idonki, hular nan ce da kafaɗar nan aka taɓa. A rana ta huɗu na shiga ɗakin wanki, na kashe har jar fitilar, na zauna a ƙasa. Na ce, to Shu'aibu, ga inda take shiga kullum rana ta faɗi, shekara ashirin da ɗaya, ita kaɗai, kuma ta fito da safe ta yi wa mutane murmushi. Na yi kuka a wurin, ba na jin kunyar faɗa miki. Sai wani tunani ya zo ya zauna mini a ƙirji: yarinyar nan a Garwa aka haife ta, amma ba ta taɓa ganin magaribar Garwa ba. Ni kuwa abin da na iya a duniya ke nan, in kama magariba in sa ta a takarda, a dube ta da rana.

Misye Georges ya ba ni fim mai launi, wanda yake ɓoyo don manyan bukukuwa. Bai tambaye ni komai ba, ya dai dube ni ya ce, "Va, mon fils, tafi ɗana, ka kawo mata." Yamma tara na yi ina yawo a garin nan kamar baƙon da ya sauka jiya. Mai launi ba ma wanke shi a nan, sai an aika Duwala, shi ya cinye sauran kwanakin. Shekaranjiya suka dawo.

Ɗauki na farko, masoyiyata. Binuwai ne, daga inda kika tsaya. Kin san shi da rana, ruwan ƙasa-ƙasa, ba abin kallo. To ga abin da yake yi in kin juya baya. Sama takan yi ja kamar manja a kasko, kogi ya kwashe jan nan duka ya shimfiɗa, daga wannan gaɓa har waccan, sai ka rasa ina ruwa ya ƙare ina sama ta fara. Iska takan kwanta. Muryar masunta takan zo daga nesa kamar daga wani gari. Ɗigo biyun nan baƙaƙe a tsakiya kunnuwan dorina ne, ita ma ta iya tsayuwa, har na so in aika mata da nata.

Wanda ke bin sa dutsen Tingilin ne. Da rana ƙato ne mai faffaɗan kai, ba fara'a. Da magariba yakan sa shuɗi, shuɗin nan na zanen da ya sha baba sau uku, gefensa kuma ruwan goro. Minti biyar yake yi a haka ya tuɓe. Yamma biyu ina zuwa ina makara, sai a ta uku na same shi. A can ne wani jandam, ɗan sandan hanya, ya tare ni ya ce ina takardar izinin ɗaukar hoto, na nuna masa, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ƙarshe ya gyara hula ya ce in ɗauke shi shi ma. Na ce sai ya tsaya ƙirga takwas. A ta biyar ya yi atishawa. Ba ya cikin hoton, sai takalmansa.

Hayaƙin nan da ya tashi a bayan hasumiyar babban masallaci ba gobara ba ce. Jemagu ne, dubbai, suna barin itatuwan mangwaro. Kin sha jin kukansu kina tambayar Hindu me ke faruwa a sama, to ga shi. Dogon jan zaren da ya ratsa ɗaya hoton kuma fitilun manyan motoci ne a hanyar Marwa. Motocin sun wuce, haskensu ya zauna. Na daɗe ina duban zaren nan. Na bi shi da ido ya wuce Pitowa, ya wuce Gider, ya bar dutsen Mindif can a dama, ya shiga Dugoi, ya tsaya a ƙofar wani gida inda wata ke zaune ta jingina da bango tana jiran gari ya waye. Sau nawa na bi hanyar nan ina tsaye wuri ɗaya? Allah kaɗai ya sani.

Akwai na unguwar Yelwa, inda mata masu ƙosai ke kunna aci-balbal ɗaya bayan ɗaya, har titi ya zama kamar an zubar da taurari a ƙasa ba a kwashe ba. Akwai kuma na layinku. Ƙofar gidanku ce, da darbejiyar da muke zama, hasken ƙarshe ya kwanta a bangon kamar ba ya son tafiya. Baba na alwala a bakin zaure, shi ya sa za ki ga hannunsa uku. Kada ki nuna masa.

Ki dube su da kyau, hasken raina. Ki dube su yau, ki dube su gobe, ki cika idonki da jan nan da shuɗin nan ki adana, yadda ake cika rumbu tun da kaka. Ba zan yi miki ƙaryar cewa likita ya yi kuskure ba, ban sani ba, warkarwa ta Allah ce kuma ba mu daina roƙo ba. Amma in ranar da kike tsoro ta zo, in hantsi ma ya rufe, zan zauna kusa da ke kowace yamma in ce, yau sama ta yi irin ta hoton farko, yau Tingilin ya sa shuɗinsa, ke kuma ki buɗe rumbunki ki ɗauko. Wa ya fi ni sanin sunan kowane haske a garin nan? Me zan yi da sanin in ba ke?

Kin ce ba za ki kai ni cikin duhu ba. Iyatu, a ina kike zaton nake wuni? Shekara tara ke nan rabin ranata a ɗakin da babu taga. Da yatsa nake zare fim, da yatsa nake naɗa shi, ko ƙyallin ashana ya shiga aiki ya lalace. Na san duhu ba ya son gaggawa, kuma ba ya son a canja wa abu wuri. Almakashi na dama, magani na hagu, taku uku zuwa famfo. In kowane abu na wurinsa, duhu ɗaki ne kamar kowane ɗaki. Sashen da na gyara mana a Hausare na sake bin sa kaf. Na sa an fasa dokin ƙofa an daidaita shi da ƙasa, an rufe bakin kwata, na ɗaura igiya daga ƙofar ɗaki zuwa madafa, daga madafa zuwa bayan gida. Na ɗaure idona da rawani na zagaya don in gwada, turmi ya ci ƙaurina, Inna ta fito tana salati ta ɗauka na taɓu. Da na gaya mata dalili sai ta ɗauke turmin da kanta ta kai shi lungu, ta ce nan ne wurinsa daga yau.

Sai maganar ƙarya. Hoton nan bai taɓa cewa kin kalle ni ba, ni na faɗa, ni na yi ta shela. Abin da ya ce kawai shi ne kin juyo wajena, kuma kin juyo. Ki sake karanta abin da kika rubuta da hannunki. A bakin kogin nan akwai masu kifi na ciniki, akwai injin kwale-kwale, akwai masu kiran 'yan'uwansu da Fulatanci da Faransanci da Hausa, duk cikin wannan hayaniya kunnenki ya zaɓi muryar wani wawa da ke ƙirga shi kaɗai, kika jingina da ita har tsoro ya sake ki. Shekara guda ina alfahari da kallo, ashe abin da aka ba ni ya fi kallo. Kallo ko bango ana yi masa. Tun da na gane haka, wallahi hular nan ta ƙara yi mini kaɗan.

Ranar Asabar na je na durƙusa gaban Baba a shago. Ya daɗe yana gyara atamfar da ba ta bukatar gyara, sannan ya ce, "Shu'aibu, ni ban kore ka ba, yarinya ce ta ce, kuma ba zan tilasta mata ba. In Juma'a ta zo ba ta canja magana ba, kayanka za su koma gidanku. Sey munyal." Sai haƙuri, in ji shi, amma na ga idonsa ya kawo ruwa. Kwana huɗu ke nan suka rage mana, Iyatu. In akwatunan nan suka fito daga gidanku aka ratsa unguwa da su, magana ta mutu a idon manya, ni da ke ba mu isa mu tashe ta ba. Ina tsoron Juma'ar nan fiye da yadda na taɓa tsoron wani abu.

Yanzu ki juya hoton ƙarshe.

Wurin kin san shi da hannu, ƙarfen nan ne. Misye Georges ne ya riƙe kyamara, ni na tsaya. Dubi mutanen Garwa yadda suka zama hayaƙi, masu zuwa da masu tafiya, babu wanda za ki gane. Dubi wanda ya rage. Sauro ya sauka a kunnena tun a ƙirga ta biyu, ya sha ya ƙoshi, ban motsa ba. Ban san tsayuwar takwas tana da tsawo haka ba sai da na gwada, ke kuwa kin yi ta a cikin duhu, ba wanda ya ce miki sannu. Gwiwar hannuna ta hagu da kika ga na ɗan buɗe ba yanga ba ce, wurin riƙonki ne. Na mayar miki da naki hoton ma, ki ajiye su gefe da gefe a tabarma ki ga ko ba su dace ba.

Wada zai juyo ranar Alhamis. In har zuciyarki ce ba ta so na, ki ba shi hotunan biyu, nawa da naki, ba zan ƙara damun ki ba, sauran kuwa naki ne har abada. In kuwa tausayina ne ya sa kika kore ni, to ki riƙe tausayinki, ban roƙa ba. Ki riƙe nawa, ki aiko mini da naki, in kai wa Baba shi kafin a tafi masallaci. In kuma Goggo ta yarda ta rako ki da kanki, kada ki damu da cewa motar Marwa ba ta shigowa Garwa sai rana ta faɗi. Kada ki nemi fuskata. Ki sauka ki tsaya inda ƙafarki ta taɓa ƙasa, ki saurara. Za ki ji wani a tsakiyar tasha yana ƙirga da ƙarfi, mutane na yi masa dariya. Wannan karon ba zai tsaya a takwas ba, zai yi ta yi har sai hannunki ya sami gwiwar hannunsa.

Naki da hantsi, naki da magariba, naki a duk abin da zai biyo bayan magariba, wanda zai tsaya inda kika bar shi har ƙarshen numfashinsa,

Shu'aibu Mai-hoto